Zakara mai kai wa yara sara: a gyara shi ko a sa masa wuƙa?

Tambayoyi uku na zaɓo a wannan makon, dukkansu a kan zakara. Ta farko ta fi gaggawa, don akwai yarinya a cikinta.

Daga wata uwargida a Gadarif, ƙasar Sudan: "Ina da kaji bakwai da jan zakara ɗan baladi, irin namu na gida, wanda na raina tun yana ɗan tsako, a tafin hannuna yake cin dawa. Tun da ya fara cara ya sauya hali. Yanzu gidanmu cike yake da 'yan'uwa da suka taso daga Madani, ga ƙananan yara. Shekaranjiya ya yi tsalle ya kafta wa 'yar ƙanwata mai shekara uku ƙaimi a kumatu, saura ƙiris ya sami ido. Maigida ya ce ba za a yanka ba, shi ke tashin mu da asuba, har hadisi ya kawo mini. Wata kuma ta ce in sayi waya a yi masa keji. Ina mafita?"

'Yar'uwa, Allah ya ba yarinya lafiya. Mu fara da kumatun kafin mu zo kan zakaran. Ƙaimi huda yake yi, kuma ƙafar da ke ɗauke da shi wuni take a cikin kashin kaji da turɓaya. Bakin ciwon zai yi miki kamar ba komai, zurfinsa ne abin tsoro. A wanke shi sosai da sabulu da ruwa mai tsabta, kada a cusa masa toka ko garin gahawa. Ku kai ta wurin ma'aikacin lafiya ya duba katin rigakafinta saboda tetanus, domin yaran da suka baro gidajensu tun bayan da yaƙi ya shiga Madani a Disambar 2023, da yawa allurarsu ta katse a hanya. In wurin ya kumbura, ya yi ja, ko zazzaɓi ya shigo, kada a kwana da ita a gida.

Shi kuwa gogan, ba sabon abu ya yi ba. Zakara kan balaga tsakanin wata 4 zuwa 6, daga nan sai ya ɗauki kajin gidan a matsayin iyalinsa, tsakar gidan kuma mulkinsa. Wanda aka raina a hannu sau da yawa ya fi wanda ya tashi a bayan uwarsa tsaurin ido, don tsoron mutum ya riga ya fita daga ransa. Sai kuma ga gida ya cika. Yara na gudu, suna ihu, suna bin 'yan tsaki har ƙarƙashin angarib, gadon nan na igiya. A wurinsa duk wannan hari ne aka kawo wa matansa. Fuskar ɗan shekara uku kuma daidai take da inda ƙafarsa ke kaiwa in ya tashi sama.

Gobe da safe ki tsaya ki kalle shi, za ki ga ba ya kai hari sai ya yi sanarwa. Zai karkace ya nufo ki a kaikaice, ya saki fiffike ɗaya yana sharar ƙasa, gashin wuyansa ya miƙe, ya riƙa yin kamar yana tsintar tsaba alhali ido ɗaya na kanki. Babba zai iya karanta wannan. Ya tsaya cak, ba gudu, ba harbi da ƙafa, don harbin ma a wurin zakara amsa gayyatar faɗa ce. Sai ya cafke shi, ya haɗe ƙafafun, ya matse shi a hammata, ya ci gaba da harkokinsa na ɗan lokaci a gaban kajin, kullum haka. Wasu zakarun sukan saduda. Matsalar ita ce wanda ya ɗauke shi kaɗai yake raga wa. Ya ji tsoronki ba ya nufin ya ji tsoron yarinyar da ba ta fi shi tsawo sosai ba.

Saboda haka ba zan yi miki kwana-kwana ba: a yanka shi. Da gidan manya ne zalla, da na ce ki gwada horon na sati biyu. Amma ya riga ya fitar da jini a fuskar yarinya, kuma ba a gwaji da idon ɗan mutum. Na san akwai sabo, to sabo da kaza ba ya hana yanka.

Maigida bai yi kuskuren hadisi ba. Abu Dawuda ya ruwaito daga Zaidu bin Khalid cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zagin zakara domin yana tayar da mutane salla. Zagi aka hana, naman kuwa halal ne. Ki faɗa masa wannan cikin ladabi, ku biyu, ba a gaban baƙi ba, sannan ki bar masa zaɓen wanda zai maye gurbin. Sau da yawa ba zakaran ne abin ba, a yanke hukunci a gidan mutum ba da shi ba ne ke ciwo. Asuba kuwa, ban san unguwar da ta rasa ladan da zakarun maƙwabta a Gadarif ba.

Batun keji, yi lissafi tukuna. Waya, katako, ƙusa, ladan kafinta. Bayan nan zakaran da ke yawo yana nema wa kansa rabin abincinsa zai koma ci daga mudunki kullum, dawa da ambaz, wato tunkuza, a wannan tsadar, kuma ba ya yi wa kajin aikin da aka ajiye shi dominsa. Wata rana kuma yaro zai buɗe ƙofar. In akwai kuɗin waya, a kewaye wa 'yan tsaki wuri saboda shirwa. Shi a kife shi da kwando a inuwar rakuba, wato rumfa, da ruwa a kusa, zuwa ranar da za a yanka.

Kada ki damu da ƙwai. Kaza na yin ƙwai ko da zakara ko babu, ƙyanƙyasa ce kawai ke bukatarsa. Wanda suka saka cikin kwana goma bayan an raba su da shi ma yakan ƙyanƙyashe, sai dai ni ba zan sa shi kwanci ba, domin zafin rai na bin jini. Naman kuma kada a kai shi agashe, jijiya ce zalla, sai haƙori ya gaji. A dafa shi a hankali da albasa mai yawa har ya saki ƙashi, a ci da kisra, a fara zuba wa yarinyar.

Daga wani matashi a Mai Wurno: "Ina da sagaru goma sun kusa fara ƙwai, ina son sayen zakara. In sayi ƙarami mai araha in raina, ko babba? Baladi ko Fayumi? Wani ya ce in ɗauki farin zakaran gona don 'ya'yan su yi girma."

Ƙanena, goma ga zakara ɗaya daidai ne, an fi so ya kasance tsakanin kaji 8 zuwa 12. Sayi wanda ya kai shekara. Ɗan wata uku bai nuna halinsa ba tukuna, arahar da ka gani caca ce. Kuma in da hali ka saya a gida, ba a kasuwa ba. Zakaran da aka ɗaure wa ƙafa aka yasar a rana a kasuwar Sinnar, kowanne salihi ne. Je ka gidan mai shi, ka ga yadda yake yi in yara sun gifta. Watsa tsaba kaɗan: na kirki zai ɗauka ya ajiye, yana ƙananan kira har matan su zo su ci, sannan ya matsa ya ba ka hanya. Wanda ya ture su ya cinye, ko ya tsare ka da ido, bar shi. Nemi daga wata unguwa ko wani ƙauye a bakin kogi, kada ya zama ɗan'uwan sagarunka.

Farin na gona ka manta da shi. Don yanka aka samar da shi cikin sati shida ko bakwai, nauyi ke kayar da shi, zafinmu kuma ba ya raga masa. Fayumi ɗan Masar ne, yana da juriya, 'ya'yansa mata na da ƙwai, amma akwai firgita da tsallake katanga, kuma ba su cika son kwanci ba. In kana son kajin da za su ƙyanƙyashe da kansu, tsaya a kan babban baladi, ko mai wuya ba gashi, wanda ya fi kowa jure zafi duk da muninsa. Ɗan ƙaramin Bitwil na Dutsen Nuba matansa gwanayen kwanci ne, sai dai zai rage maka girman kaji.

Kafin ka biya, ɗauke shi a hannu. Zanko ja, ido garau, hanci ba majina, numfashi ba ƙara. Shafa ƙirji ka ji ko akwai tsoka ko ƙashi ne tsaye. Buɗe ƙarƙashin fiffike da gindin wutsiya ka nemi ƙwarƙwata. Koren zawo, gyangyaɗi ko murɗewar wuya alamun samir ne, cutar da ke share akurki cikin kwanaki, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Ko lafiyayye ne, ware shi sati uku da kwanon ruwansa daban, ka tambayi likitan dabbobi rigakafin samir na dukkan kajin.

Daga wani dattijo a Kassala: "Zakaruna biyu kullum cikin jini, kaji biyar duk bayansu ya tsige. An ce in cire musu ƙaimi da filaya."

Baba, a ajiye filayar nan. Ƙaimi akwai ƙashi da jini a cikinsa, tsinin kaɗai ake gogewa da zarto ko a datse kaɗan, mutum biyu, da dare in ya natsu. In jini ya fito a danna garin fulawa. Wannan zai rage rauni, ba zai taɓa hali ba. Kaji biyar ko zakara ɗaya ya yi musu yawa, shi ya sa bayansu ya tsige. Ku zaɓi mai sanyin halin ku bari, ɗayan a sayar ko a yanka. In za a sayar, a gaya wa mai saye gaskiyar halinsa, musamman in gidansa akwai yara.