Kamfanin da ba ya ƙera komai, ta yaya yake kayar da Apple a kotu?

Tambaya: Malam, na ji an ce wani ƙaramin kamfani da bai taɓa sayar da ko waya ɗaya ba ya karɓi miliyoyin daloli daga Apple ta hanyar shari'a. Damfara ce, ko doka ce ta ba shi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, doka ce ta ba shi, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Ina jin VirnetX kake nufi, wanda Apple ya biya dala miliyan 454 a 2020 kan fasahar da ta shafi FaceTime, manhajarsa ta kiran bidiyo.

A Amurka, wanda ya ƙirƙiro wata dabara yakan yi mata rajista, a ba shi takardar mallaka ta shekara 20. Takardar nan kamar takardar fili take. Ana sayar da ita, kuma babu mai tilasta wa mai ita ya gina komai. Sai wasu suka mai da sayen irin waɗannan takardu sana'a, su ajiye, su jira wani ya yi kasuwa da abu mai kama da nasu, sannan su aika da lauya. Can ana yi musu laƙabi da sunan wani dodon tatsuniya mai zama a ƙarƙashin gada yana tare masu wucewa. A yi adalci dai, jami'a ma takan ƙirƙiro abu ba ta ƙera shi ba, kuma ba da ita nake ba.

Ƙarfin masu sayen takardun nan tsoro ne. Dubi abin da ya sami kamfanin Kanada mai BlackBerry. NTP, wani ɗan kamfani a jihar Virginia, ya yi nasara a kansa a 2002, da diyyar da daga baya ta kai kusan dala miliyan 54. Amma da barazanar kotu ta rufe BlackBerry a faɗin Amurka ta taso, ga ma'aikatan gwamnati da yawa da ita suke aiki, sai masu wayar suka biya dala miliyan 612.5 a Maris 2006. Bayan wata biyu kacal Kotun Ƙoli, a shari'ar eBay, kamfanin saye da sayarwa ta intanet, ta ce nasara kaɗai ba ta isa a rufe kasuwar mutum ba.

Akwai kuma zaɓen kotu. Shekara da shekaru masu irin wannan ƙara suna tururuwa zuwa kotun Marshall, wani ƙaramin gari a gabashin Texas, inda suke ganin za su fi yin nasara, har Samsung, da ake kai ƙararsa can, ya ɗauki nauyin filin wasan ƙanƙara a tsakiyar garin. Kotun Ƙoli ta taƙaita wannan yawo a 2017.

Ni ba Apple nake tausayawa ba, yana da lauyoyi. A Amurka galibi kowa shi ke biyan lauyansa ko da ya yi nasara, don haka ƙaramin ɗan kasuwa yakan ga gara ya biya a rabu da shi. Wani kamfani mai suna MPHJ ya taɓa aika wa dubban ƙananan ofisoshi wasiƙa, yana neman kusan dala 1,000 kan kowane ma'aikaci, don kawai suna ɗaukar hoton takarda da na'ura su tura ta imel. A 2013 jihar Vermont ta maka shi a kotu.