Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Me Ya Sa Magani Ke Daina Ci?

Tambaya: Likita, mura ta dame ni, ko in sha Ampiclox?

Amsa: A'a, Malam. Bairos ne ke kawo mura, kuma wannan maganin ba ya taɓa shi. Idan numfashi ya yi maka wuya, ka je asibiti.

Tambaya: Kafso ja da yalo da nake saya a kemis duk lokacin da cikina ya ɓaci ya daina yi mini aiki. Jikina ne ya saba da shi?

Amsa: Hajiya, ba jikinki ne ya saba ba, ƙwayoyin cutar da ake kira bakteriya ne suka sauya. Bakteriya tana haihuwa ne ta hanyar rabewa biyu, wata ma cikin minti 20 idan ta samu yanayi mai kyau, kuma kafin kowace rabuwa sai ta kwafi bayanan halittarta. Kamar yadda mai kwafar dogon rubutu kan zame a harafi guda, haka ita ma takan yi kuskure. Yawancin kurakuran ba su amfane ta da komai, amma cikin miliyoyi akan dace da wanda ya sauya gurbin da magani ke kamawa, ko ya ba ta ikon fitar da shi waje. Tun 1943 masana kimiyya biyu, Luria da Delbrück, suka nuna cewa irin wannan sauyi yana faruwa ne bisa katari, tun kafin bakteriya ta gamu da abin da zai kashe ta.

To, da kika sha kafso biyu kika ajiye, masu rauni ne suka mutu, mai taurin kan ta samu fili ta hayayyafa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne takan miƙa wa maƙwabciyarta wannan kariya, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Amma har yau ana farke kafso ana barbaɗa wa gyambo, ana ɗura wa jarirai don wai a wanke musu ciki! Don Allah a bari. Ki je asibiti a yi miki gwaji, kada ki koma kemis neman "mai ƙarfi".

Tambaya: Maigidana ya ji sauƙin tarin fuka bayan wata biyu, zai iya dakatar da maganin?

Amsa: Ko kusa, 'yar'uwa. Yawanci wata 6 ake yi ana sha, kuma katsewa na iya haifar da tarin da ba ya jin rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin fuka. Idan har ya riga ya tsallake wasu kwanaki, ku koma asibiti a wannan makon a sake gwada kakinsa.