Amsa kan gyaran tsohon gidan ƙasa a cikin birnin Kano

Salam ɗan'uwa, na ga tambayarka, kun gaji gidan ƙasa a cikin Badala, ɗaki uku da zaure da shigifa, iyali sun yi yawa wuri ya matse, wai a rushe a sa bulo ko a gyara. To mu ma a Yakasai mun sha wannan faman da gidan kakanmu.

Ni dai ban ba ka shawarar rushewa ba. Tukuna ma lungunku tifa tana shiga? Namu ba ta shiga, yashi da bulo duk a baro aka riƙa turowa daga bakin titi, kuɗin lebura sai da ya ba mu tsoro.

Wauta ta farko da muka tafka ita ce shafe bangon da siminti, damina biyu kacal ya fara kumbura yana ɓamɓarowa, ashe ƙasa tana shan danshi ne ta fitar, siminti kuma ya toshe ta sai tubalin ya riƙa jiƙewa daga gindi. Wani tsohon magini ya zo ya yi mana dariya son ransa sannan ya sa aka kankare aka koma yaɓe da makuba (wadda ake yi da ɓawon ɗorawa), aka gyara indararo yadda ruwa zai zuba nesa da katanga.

Maganar wuri kuwa, bangon nan mai kauri shi ne arzikinka. Alkukin da ake ajiye fitila a da, mu faɗaɗa shi muka yi aka jera katako ya zama kanta, muka fitar da wadirof guda biyu, ɗaki ya buɗe. Amma kar a sassaƙa kusa da inda azara ta zauna, nan ne nauyin rufi yake. Shigifa muka sa wa ƙofa da taga ta zama ɗakin samari. Zaure kam ban yarda a taɓa ba, ranar suna ko zaman makoki ina za ka sa mutane?

Wasu za su ce ka rufe tsakar gida da kwano ka samu falo, wallahi watan Afrilu sai kun gudu, mu gefe ɗaya kawai muka yi wa rumfa ya zama madafa. In kuma bene kake so, kar a zuba dakin, wato rufin kankare, a kan bangon ƙasa, a yi ɗaki marar nauyi na katako bayan magini ya duba azarar. Sokawe kuma a haƙa shi nesa da katangar maƙwabci, don nan rigima take farawa.