Amsa kan maganin makantar rafi: Mectizan ko doxycycline?

Salamu alaikum jama'ar gida. Hajiya, na saurari muryarki. Kin ce Baba yana noma a bakin kogin Gongola, ga ƙaiƙayi, ga ƙullutu a kwankwaso, gani kuma yana dushewa, sai likita ya rubuta doxycycline, kina mamakin me ya haɗa maganin ƙwayoyin cuta da tsutsa.

To, ki saurara. Tsutsar nan mai kawo makantar rafi, wadda baƙin ƙuda ke sakawa in ya ciji mutum, a cikin jikinta akwai wasu ƙwayoyin bakteriya, Wolbachia, da ba ta iya haihuwa sai da su. Su doxycycline yake kashewa. Uwar sai ta daina zuba 'ya'ya, ta yi ta lalacewa a hankali. Mectizan kuwa 'ya'yan yake sharewa, waɗanda ke yawo a fata suna shiga ido, amma uwar tana nan, tana iya kai shekara 15. Shi ya sa ake raba shi duk shekara. Kowanne da aikinsa, kada Baba ya bar Mectizan.

Shi doxycycline yawanci miligiram 100 ne kullum har mako 6, wani likitan ya ba da 200. Nan ake samun matsala. Mutum ya sha kwana goma, ya ga ƙaiƙayi bai tafi ba, ya ajiye. Ai ba aikin gaggawa yake ba, sai bayan watanni ake ganin amfaninsa.

Sannan fura da nono. Kindirmo, madara, maganin ƙarin jini, maganin gyambon ciki mai kama da alli, duk suna riƙe shi a hanji, jini bai samu ba. A ba da tazarar awa 2 zuwa 3. Ya sha da ruwa cikakken kofi, yana zaune, kada ya haɗiye ya kwanta, yana ƙona maƙogwaro. Rana ma takan ƙona fatar mai shan sa, in zai je gona ya sa malafa da riga mai dogon hannu. Mai ciki da yaro ƙasa da shekara 8 ba a ba su.

Man shafawar ido na kemis ba ya kai wa ga tsutsar. Maganin ɗigawa mai sitiroyid kuwa, don Allah kada a saya da ka, yana iya ta da hawan ruwan ido. Ganin da ya riga ya tafi ba ya dawowa, saura ake ceto, don haka ku kai shi asibitin ido cikin makon nan. Allah ya ba shi lafiya.