Amsa: In an cire ƙwayar gadon makarɓar GABA, me ke hana ƙwaƙwalwa rikicewa?

Malama, kin tambaya: tunda sinadarin GABA shi ne birkin ƙwaƙwalwa, yaya ɓeran da aka cire wa ƙwayar gadon makarɓarsa yake rayuwa lafiya lau?

Makarɓar GABA-A, wato ƙofar da ke jikin ƙwayar jijiya mai karɓar saƙon GABA, ba gunduma ɗaya ba ce. Sassa biyar ake harhaɗawa, daga cikin nau'i 19, kowanne da ƙwayar gadonsa. Ɓeran da ya rasa sashen da ake kira alfa-1 yakan yi asarar kusan rabin makarɓansa, amma alfa-2 da alfa-3 su ƙaru. Su kuwa ƙofarsu kan daɗe a buɗe, don haka kowane saƙon "dakata" yakan ɗauki lokaci mai tsawo. Ɓeran na yawo, sai dai jikinsa na ɗan rawa.

Wanda ya fi burge ni shi ne binciken 2001 kan ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya ta ɓerayen da aka cire wa sashen alfa-6. Ƙwayoyin jijiyar ba su ƙera wata makarɓa ba. Sai suka ƙara ƙofofin potasiyam da ake kira TASK-1, potasiyam na ta zurarewa waje, ƙwayar ta lafa kamar da. Hanya daban, sakamako iri ɗaya.

Amma fa ba kullum ake dacewa ba. Ɓerayen da suka rasa sashen gama-2 galibi ba sa wuce 'yan kwanaki bayan haihuwa, kuma a ɗan'adam matsalar alfa-1 na jawo farfaɗiya. Don Allah, mai yaro mai farfaɗiya a nan Sakkwato kada ya zauna jiran ƙwaƙwalwa ta gyara kanta, ya kai shi asibitin koyarwa na jami'ar Ɗanfodiyo.