Kamshaf ɗin Land Cruiser ya ƙi fita: me ke riƙe da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da tsohuwar Land Cruiser mai injin 2F a nan Gadarif ta ƙasar Sudan, ta daɗe a ajiye. Na kwance gaban injin a gida don in canza kamshaf kafin aikin riɗi ya kankama. Na cire lagireto da murfin giyar tayimin da ke gaban injin, na ja har na gaji, ko motsi bai yi ba. Maƙwabcina ya ce in sa ƙarfe a bayan giyar in ɓanɓaro shi. In yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka yi. Kamshaf zubin ƙarfe ne, ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi, haƙoran giyar ma ba sa jure ɓanɓara. Kuma galibi idan ya ƙi fita a wannan injin, ba tsatsa ba ce, akwai abin da ba a kwance ba tukuna.

A 2F kamshaf, wato shaf ɗin da ke buɗe bawuloli, yana cikin bulok ne, ba a kan silinda ba. Fara da abin da aka fi mantawa: farantin da ke tare shi daga gaba. Noti biyu ne ke ɗaure da shi, kuma suna ɓoye a bayan giyar. Cire fulogi, ka juya karanshaf a hankali har ramukan da ke jikin giyar su zo daidai kan notin, sannan ka zura soket. Kafin ka ja, daidaita alamomin tayimin na giyoyin biyu, ta kamshaf da ta karanshaf, ka ɗauki hotonsu da waya.

Distiributa ma dole ya fita, domin giyarsa tana cije da ta kamshaf. Haka famfon fetur, hannunsa yana kwance a kan shaf ɗin.

Sai tafet, wato ƙananan ƙarafan da ke ɗaga sandunan tura bawul, inda na fi zargi a motar da ta sha zama. Guda 12 ne, kowanne zaune a kan ƙullutun kamshaf. Ko ɗaya ya rage, ƙullutu na gaba zai toke shi. Sauke roka da sandunan tura bawul, buɗe murfin gefen bulok, ka zaro su da maganaɗisu. Wanda busasshen baƙin mai ya kama, jiƙa shi da kananzir, ka riƙa ɗaga shi kana mayarwa har ya saki. Jera su bi da bi a kwali ka rubuta lamba. Idan tsohon kamshaf zai koma, kowane tafet ya koma raminsa. Idan sabo ne, sa masa sababbin tafet. Masu tsimin kuɗin sababbin tafet sukan sake buɗe injin ba da jimawa ba.

In duk waɗannan sun fita, riƙe giyar da hannu biyu ka ja kana murzawa, don haƙoranta a karkace suke, ba ta fitowa a miƙe. Idan ya taho kaɗan ya cije, nauyinsa ne ya sa ya sunkuya, ƙullutu ya kama bakin bushi, wato zoben da shaf ɗin ke juyawa a cikinsa. Mayar da shi baya kaɗan, tallafe shi ya daidaita, ka ci gaba.

Idan kuwa ko murzawa ba ya yi, to ya kama a bushi, ko don tsatsa ko don ya taɓa aiki babu mai. Zuba masa dizal ta ramukan tafet, ka ba shi kwana biyu, kana gwada girgiza shi. In ya ƙi, sai an sauke injin a cire toshiyar da ke bayan bulok, a bugo shi daga baya da sandar tagulla. A nan aikin gida ya ƙare: kai bulok ɗin wurin masu injin gyaran bulok su sa sababbin bushi, ka kuma tsaya ka ga ramin mai na kowane bushi ya hau kan na bulok.