Amsar tambayar Alhaji kan na'urar duba ƙarƙashin ƙasa

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Alhaji ka yi haƙuri, tun la'asar na ga saƙonka, ina hanyar Bajoga ne sabis na ta yankewa. Ka ce wai da gaske ne akwai na'urar da ke leƙa cikin ƙasa kamar yadda ake wa mai ciki sikanin a asibiti, ta gaya maka ko ramin farar ƙasarku na wajen Alkaleri zai rufta. Toh akwai kam, amma ba hoto take ɗauka ba yadda mutane ke zato, bari in maka bayani.

Wadda muka fi aiki da ita ai kun santa, irin ta masu auna wurin haƙa burtsatse ce, sai dai a nan turakun ƙarfe da yawa muke jerawa a layi ɗaya, misali duk bayan mita 5 a kafa ɗaya, a haɗa su da waya zuwa na'urar da batir, a tura lantarki cikin ƙasa a ga yadda yake wucewa. Laka da wurin da ruwa ya jiƙa, wuta na bi da sauƙi. Dutse mai ƙarfi ko kogon da iska ce kawai a ciki, wuta na shan wuya. Daga nan kwamfuta ta zana maka ƙasar kamar an yanka ta da wuƙa kana kallon gefenta, kala-kala. Zurfin da za ka gani kuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na tsawon layin, wato in ka ja mita 200 za ka ga wajen mita 40. Da rani ƙasar nan tamu bushewa take ƙamas, sai mun bi turakun nan ɗaya bayan ɗaya da jarka muna zuba ruwan gishiri kafin su kama.

Akwai ta rada, mai aika sigina cikin ƙasa ta karɓi wadda ta dawo, wadda ake turawa kamar keken yara, tana da sauri, amma Alhaji kar wani ya karɓi kuɗinka da ita a wurinku, laka da danshi shanye siginar suke, 'yan mitoci kaɗan za ta gani, ta fi kyau a busasshen yashi. Akwai kuma ta guduma, a buga farantin ƙarfe a ƙasa, ƙananan na'urori su saurari saurin da girgizar ke tafiya, nan ake gane inda sako-sakon ƙasa ta ƙare dutse ya fara.

Yanzu ga inda nake so ku saurare ni da kyau. Tsohon rami in iska ce ciki kala ɗaya yake nunawa, in ya cika da ruwa sai ya nuna akasin haka, ya yi kama da laka sak. Shi ya sa duk inda muka ga alama sai an sa ƙaramin injin haƙa an huda an tabbatar. Kuma awon da aka yi a watan Maris ba shi ne na Agusta ba, ruwa ne ke kashe ramukan nan wallahi, yana shiga tsaga ya ƙara wa ƙasa nauyi ya sassauta ta. Ku tuna abin da ya faru a Shiroro ta jihar Neja a watan Yunin 2024, bayan ruwan sama rami ya rufta da mutane, har yau in na tuna raina na ɓaci. Masu loto, wato masu haƙa ramuka kamar rijiya don neman kuza, ta wajen Toro ma hatsarinsu ke nan, wani ya haƙa ya tafi shekaru, kai ka zo ka haƙa a gefensa ba ka san ƙasanka fanko ba ne.

Maganar kuɗi, ba sai kai kaɗai ba, ku masu ramuka a wurin ku haɗa hannu, ku tuntuɓi sashen nazarin ƙasa na jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da ke Bauchi ko na jami'ar jihar Gombe a haɗa ku da wanda ya san aikin.

Amma wannan tsagar da ka ce ta fito a bakin ramin, da ruwan da ke tsattsafowa ta bango, ba sai an jira na'ura ba. Don Allah gobe kar yaran nan su shiga, kuma a janye tulin ƙasar da aka jibge a bakin, nauyi yake ƙarawa. Ka turo min hoton tsagar da zurfin ramin da safe, in sha Allah ranar Asabar in zo in gani da idona. Sai da safe.